Yadda Muka Tatsi Bakin Apisalome

Ranar da Apisalome ya ce zai koma ƙauye, kowa a ofis ya taya shi murna, har da Miliakere. Amma ni ina kallonta ta saman allon kwamfutata. Ta yi murmushi yadda ya kamata, ta ce Allah ya sanya alheri, sannan ta sulale kicin ta tsaya a gaban butar shayi, ba ta ko kunna ta ba.

Mu 'yan kaɗan ne a ofishin, a saman wani kantin yadi a birnin Suva. Mu ke kula da manhajar da jiragen ruwan tsibirai suke sayar da tikiti da ita. Apisalome ne ya rubuta ta tun kansa yana da gashi. Yanzu yayansa ya rasu, dangi sun ce ya zo ya riƙe gida, kuma a ƙauyensu waya ba ta shiga sai an hau tudun bayan coci an ɗaga hannu sama. Shalendra, mai kamfanin, ya riga ya yanke cewa Miliakere ce za ta gaji manhajar. Ni kuwa, Vasemaca, aikina shi ne in fasa abin da suka gina kafin fasinjoji su fasa shi, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina.

Na bi ta kicin na kunna butar.

Ta ce, "Nei, kin taɓa karanta littafin bayaninmu?"

Nei take ce mini, wato gwaggo, duk da ba mu haɗa komai ba sai matakalar bene.

Na ce, "Na taɓa buɗe shi. Barci ya ɗauke ni."

"To shi za a bar mini."

A nan na gane damuwarta. Littafin ba da hannu ake rubuta shi ba. A saman kowane sashe na manhaja, mai rubutu yana barin ɗan bayani, sai wata na'ura ta bi ta tsince bayanan ta ɗinke su wuri ɗaya. Don sauƙi kuma, editan da muke rubutu a ciki yana da guntayen rubutu da aka tanada. Ka buga haruffa biyu ka danna maɓallin Tab, sai ƙwarangwal ɗin bayani ya zubo gaba ɗaya: abin da sashen yake yi, abin da yake karɓa, abin da yake mayarwa, da sunan marubuci. A kowane gurbi akwai rubutun riƙon ƙwarya da ke cewa "rubuta bayani a nan". Apisalome da kansa ya tsara wannan ƙwarangwal, kuma shi ne sarkin tsallake shi. Tab, Tab, Tab, kamar mai korar ƙuda. Inda ya daure ya cike gurbi, za ka ga sashe mai suna "lissafa kujeru" an yi masa bayani da cewa "yana lissafa kujeru". Littafi ya yi ƙiba, ciki fanko.

Miliakere ta ce, "Sauran duk da sauƙi. Kogo ne ke hana ni sukuni."

Kogo shi ne sashen da ke sake jera tikitoci idan jirgi ya makara ko ya tsallake wani tsibiri. Mun sa masa wannan suna ne don wanda ya leƙa ciki ko tafin hannunsa ba ya gani. Idan ya birkice, mutane ne za su kwana a bakin gaɓa da yara da buhunan gwaza, kuma sunan Miliakere za a kira.

Na ce, "Ki tambaye shi mana. Ga shi can yana sosa ƙeya."

Ta dube ni kamar na ce ta je ta zauna a kan teburinsa. "Nei, ni zan tsaya a gaban Momo in ce rubutunsa bai gamsar ba?"

Ban ga laifinta ba. Daga dangin mahaifiyarta yake, kawu ne na gaske, shi ya sa take ce masa Momo. Idan zai wuce ta bayan kujerarta, har numfashi take ragewa. Tambaya ɗaya daga bakinta, a ganinta, daidai take da cewa dattijo bai iya aikinsa ba.

Shalendra ya gwada tasa dabarar. Ya sa Apisalome ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya ya sake zubo ƙwarangwal ya cike. Mutumin ya zauna da zuciya ɗaya, ya mayar da "yana lissafa kujeru" zuwa "yana lissafa kujerun jirgi". Aka ajiye masa waya a gaba don a naɗi muryarsa, sai ya koma kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Abin haushin shi ne, wannan mutumin dai, ranar Juma'a da yamma idan an shimfiɗa tabarma an dama yangona, abin shanmu na gargajiya da ake yi da garin saiwa, sai ya ba ka tarihin layi guda na manhajar tun daga matar da ta zo ofis da kuka har zuwa kyaftin ɗin da ya yi rantsuwa ba zai sake taɓa kwamfuta ba. Ilimin yana nan dam a bakinsa, yatsunsa ne suka ƙi ba da hanya.

Ni kuwa ina da makamin da babu mai irinsa a ofishin. Ni da Apisalome abokan wasa ne, ƙauyenmu da nasu tun kaka da kakanni. Tau nake ce masa, Tau yake ce mini. Lemarsa tana gidana tun bara. Ya taɓa cinye abincin ranata a gabana yana kushe gishirin. A wannan wasa fushi haramun ne, amma akwai abin da ya fi fushi muni, wato a tsokane ka ka yi shiru. Wanda ya yi shiru ya zubar da mutuncin ƙauyensu, kuma labari zai riga shi isa gida.

Da ya fita sayen roti da rana, na buɗe fayil ɗin guntayen. Na share tsoffin kanun, na sa nawa guda uku: dalili, wanda ya jawo, da abin tsoro. Maimakon "rubuta bayani a nan", na cike gurabun da alheri. A ƙarƙashin dalili na sa cewa Apisalome bai san dalilin wannan sashe ba, a mafarki aka nuna masa. A wanda ya jawo na sa cewa babu wanda ya nema, zaman banza ne ya ishe shi. A abin tsoro na sa cewa Apisalome ya ce kowa ya taɓa inda ya ga dama, ai shi ma dama haka yake yi. Sunansa yana da tsawo, ni kuma ina sauri, don haka ban buga shi ba. Na ɗauko 'yar alamar nan da ke jawo sunan mai kwamfuta da kanta na dasa a kowane layi, na aika fayil ɗin, na koma kujerata na kama cin rogona.

Ya dawo ya wanke hannu ya zauna. Na ji ƙarar haruffa biyu, na ji Tab. Sai ya kafa wa allon ido. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa ya mayar.

Ya ce, "Tau."

"Na'am, Tau."

"Ɓera ya shiga editana."

"Ikon Allah. Ɓeran ya iya rubutu?"

"Ƙarya ya iya. Daga jin lafazinsa ɗan ƙauyenku ne."

Da ya so, cikin ƙiftawar ido zai mayar da tsohon fayil, shi da ya gina gidan. Amma hakan gudu ne, kuma ya san na sani. Ya naɗe hannun riga. Tunda nake da shi ban taɓa jin yatsunsa sun yi irin wannan gudu ba. Da ya aika aikin, na'ura ta sake ɗinke littafi, na buɗe na ga abin da ya rubuta a kan lissafin kujeru:

"Dalili: tunda Vasemaca da mutanensu ba su taɓa hawa abin da ya fi kwalekwale ba, bari a koya musu. Jirgin kudu yana tsayawa a tsibirai da dama. Kujerar da mutum ya bari a tsibirin farko ana sake sayar da ita ga mai hawa daga can, shi ya sa ake lissafa kujera zango zango, ba tafiya guda ba. Wanda ya jawo: wasu mata biyu da aka sayar wa kujera ɗaya, ɗaya da jariri, ɗaya da zakara, kuma babu wadda ta yarda ta tashi. Abin tsoro: duk wanda ya sauya jerin tsibirai bai sake kiran wannan sashe ba, ya tanadi bakin da zai ba mai zakara haƙuri."

Na waiga. Miliakere ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, idonta yana bin layukan da sauri kamar za a ƙwace mata. Daɗin da na ji a ranar, sai wanda ya gani.

Ashe garin neman gira na kusa rasa ido. Fayil ɗin guntayen na kowa da kowa ne, duk kwamfutar da ke ofis daga wuri ɗaya take ɗaukarsa. Na san haka sarai, zumuɗi ne ya rufe mini ido. Washegari da safe sai ga Shalendra ya fito daga ɗakinsa riƙe da kofin shayi, fuskarsa kamar ta wanda aka taka a coci. Mutum ne mai sanyin hali, ya fi wata bai taɓa edita ba, sai ranar ya ga dama ya gyara wani abu a rasit.

Ya ce, "Anti Vase, wani laifi na yi miki?"

"Wane irin laifi, Boso?" Boso muke ce masa, wato oga.

"Kwamfutata ta ce zaman banza ne ya ishe ni."

Apisalome ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Boso, ka yi haƙuri. Haka mutanensu suke kamun kifi, su jefa raga su kamo surukinsu."

Shalendra ya ce a mayar da tsohon tsari, wannan littafin aiki ne, ba filin wasa ba. Na ce ya karanta shafi ɗaya tukuna. Ya tsaya a bayana ya karanta ɗaya, ya ce in gangara ƙasa, ya karanta wani. Shayinsa ya huce a hannunsa. Can ya ce shi duk shekarun nan bai san dalilin da ya sa ba a sayar da tikitin kaya ranar Lahadi a wani tsibiri ba. Ya ce a ci gaba, amma a cire sunansa, domin mahaifiyarsa tana da rai kuma ba ta haifi malalaci ba.

Muna cikin dariya na lura Miliakere ba ta cikinmu. Na zaga bayanta. Ita ma ta danna Tab da safen, kuma ga shi a allonta ɓaro ɓaro: Miliakere ba ta san dalilin wannan sashe ba. Ba ta goge ba. Hannuwanta suna kan cinyarta.

Na ce, "Yarinya, share wannan shirmen. Ba da ke nake ba."

Ta ce a hankali, "Ai bai yi ƙarya ba, Nei."

Maganar ta soke ni. Na ji haushin kaina, na ji haushin Apisalome da bai ga abin da ke gaban hancinsa ba, har kantin yadin da ke ƙasa na ji haushinsa. Na koma na cire alamar nan, na buga sunan Apisalome da yatsuna harafi harafi a kowane layi, don kowa ya danna Tab a ofishin nan shi kaɗai za a zaga.

Daga nan yaƙi ya kankama. Kullum da safe ina sabunta tsokana, domin idan ta tsufa ba ta cizo. Na ce ya saci sashen rangwamen ɗalibai daga bayan kwalin sabulu. Ya mayar mini da shafi guda a kan yadda makarantun kwana suke sakin yara rana ɗaya, da abin da hakan ke yi wa jirgin Asabar, ya rufe da cewa a ƙauyenmu babu wanda ya yi karatun da zai ci rangwamen. Na ƙara sabon kai mai suna "abin da aka gwada ya ƙi", na rubuta cewa Apisalome bai taɓa kuskure ba don bai taɓa gwada komai ba. Nan ya zazzage kurakuransa kaf, yana alfahari da su kamar jikoki. Miliakere tana bin bayanmu tana tace tsakuwa daga shinkafa. Wani lokaci har na ji tana 'yar waƙa a kujerarta.

Kogo kaɗai ya ƙi taɓawa. Ya bi ta gabansa, ya bi ta bayansa, ya yi wa maƙwabtansa bayani har da ƙari. Na haɗa wa Kogo guntu nasa na musamman, na zuba shi da hannuna a saman sashen: Apisalome tsoron Kogo yake ji, bai san abin da ke cikinsa ba. Na jira. Ya gani, domin na ga lokacin da ya tsaya a kai. Ya tashi ya je ya sha ruwa ya dawo ya kama wani aikin. Abokin wasa ya ga tsokana ya wuce, wannan ban taɓa gani ba. Kowace safiya Miliakere takan buɗe littafin ta tafi kai tsaye shafin Kogo, ta tarar da maganata tana nan, ta rufe. Ranar tafiya kuma tana matsowa.

Juma'arsa ta ƙarshe muka ture tebura gefe muka shimfiɗa tabarmi. Ruwan Suva yana zuba a kan kwano kamar yadda ya saba. Matar Shalendra ta aiko da tukunyar miyar kari, ni na kawo gwaza da kifi. Rusiate, mai kula da na'urorinmu, ya zauna a bayan akushi yana dama yangona. Miliakere ta zauna can ƙarshen tabarma kusa da ƙofa, kanta a ƙasa. Na dube ta na ga in na yi kara yau, na cuce ta.

Na ce, "Tau, kafin a sha. Ka bar magana ɗaya a tsaye. In aika ƙauyenku cewa ɗansu ya gudu?"

Ya ce, "Aika."

"Ban ji ba."

"Na ce ki aika, Tau. Ƙaryarki duk na goge, ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa tsautsayi ya sa kin faɗi gaskiya, to me zan goge?"

Rusiate ya dakata da damu. Apisalome ya shafa kansa, ya ce ya rubuta Kogo ne a makon da guguwa ta watsa jadawalin jirage, ga zazzaɓi a jikinsa, ga waya tana ta ƙara. Ya yi ta liƙa wannan a kan wancan har abin ya kama aiki. Da ya warke ya koma ya karanta, bai gane hannunsa ba. Tun daga lokacin, duk sanda Kogo ya yi gardama, sai ya ɗan matsa nan ya ɗan sassauta can, ya yi addu'a. Ya san abin da ya kamata sashen ya yi, ko daga barci aka tashe shi zai faɗa. Yadda yake yinsa ne bai sani ba.

Ya ce, "Na so in rubuta wa yarinyar nan wani abu a kai. Kunya ta hana ni rubuta gaskiya, tsoron Allah ya hana ni rubuta ƙarya."

Na ci wasa, irin cin da ƙauyenmu zai shekara yana labari, amma ko kaɗan bai yi mini daɗi ba. Na juya wajen Miliakere ina jiran hawaye. Sai na ga ta ɗago kai tana kallon kawunta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Momo."

Kowa ya juya. Ita da ko gaisuwa a tabarma sai an matsa kunne.

"Momo, na yi ta shiga Kogon nan ina fitowa, ina cewa kaina ne ba ya ja."

"Kanki lafiya lau, 'yata. Wurin ne ba shi da ƙofa."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, ta tare ta da bayan hannu. Ta gyara zama ta ce, "To idan ka yarda, zan rushe shi in gina sabo. Amma kafin jirginka ya tashi sai ka zauna da ni. Ni zan riƙa tambaya, kai kana ba ni amsa."

Rusiate ya cika ƙoƙon kwakwa, ya taso a durƙushe ya nufi Apisalome, domin ƙoƙon farko na babban wuri ne, balle shi ake yi wa sallama. Apisalome bai tafa ya karɓa yadda aka saba ba. Ya nuna ƙarshen tabarma da haɓarsa.

Ya ce, "Kai wa mai Kogo."

Rusiate ya dube shi, ya dube ni, sannan ya juya ya ratsa tsakiyarmu har bakin ƙofa. Miliakere ta tafa, ta karɓa da hannu biyu, ta shanye tas. Muka tafa mata. Ko bakinta ba ta goge ba ta ce, "Momo, idan jirgi ya tsallake tsibirin tsakiya, mutanen da ke jira a can, wane jirgi ya kamata a fara ba su?"

Apisalome ya ture farantinsa gefe, ya matso kusa da ita ya fara bayani.